Agogo da Mutanen da Suka San Cikinsa

Wannan sharhi domin mazauna Garatu ne da sauran garuruwan da ke bakin hanyar Minna zuwa Bida, da duk wanda wannan shiri ya riska a gona ko a shago ko a cikin mota.

Sharhin yau zai yi magana ne a kan agogon hannu da mutanen da suka san shi, wato masu gyara da masu sayarwa da masu sha'awar tara tsofaffin agoguna, da kuma amfanin da ke tattare da musayar sani a tsakaninsu. Maganar da sharhin yake son tabbatarwa guda ɗaya ce. Agogo yana rayuwa ne muddin akwai wanda ya san cikinsa. Idan sanin ya yaɗu, agogo ya daɗe yana aiki, mai saye ya tsira da kuɗinsa, mai gyara kuma ya sami abin yi. Idan kuwa aka ƙunshe shi a kan mutum ɗaya, to ranar da mutumin ya kau, agogon da ake taƙama da shi sai ya koma ƙarfen banza a ƙasan adaka.

Mai sauraro yana iya tambaya, a zamanin da kowa yake duba lokaci a wayarsa, ina ruwan manomin doya da maganar agogo? Tambayar tana kan hanya. Sai dai gidaje da yawa a wannan yanki ba su rasa wani tsohon agogo a ajiye: Rado ko Seiko da wani dattijo ya zo da shi tsarabar aikin hajji, ko wanda aka bai wa ma'aikaci ranar da ya yi ritaya, ko wanda ya zo a cikin kayan lefe tun amarya tana yarinya. Minna kuwa gari ne da ya bunƙasa a bakin layin dogo, domin layin da ya taso daga Baro ya ratsa ta nan kafin ya isa Kano a 1911, kuma jirgin ƙasa ba ya aiki da inuwar bango ko carar zakara, sai da awa da minti. Saboda haka agogo ya daɗe a hannun mutanen wannan ƙasa. Abin da bai yawaita ba shi ne sanin yadda yake aiki.

To, da farko ya kamata a bambanta iri biyu na agogo, domin sauran maganar a kan wannan bambanci take tsaye. Akwai agogo mai inji, wanda ba ya amfani da batir ko kaɗan. A cikinsa akwai sifirin, wato dogon siririn ƙarfe da aka nannaɗe a cikin wani ɗan gwangwani, wanda yake ɗaurewa idan aka murɗa kan agogon, sannan ya riƙa warwarewa a hankali yana tura ƙananan ƙafafu masu haƙora har motsin ya kai ga hannayen da ke nuna lokaci. Abin da yake daidaita wannan tafiya ita ce wata 'yar ƙafa da masu gyara ke kira balans, wadda take bugawa sau biyar ko shida ko takwas a cikin daƙiƙa ɗaya, kuma wannan bugun ne kunne yake ji idan aka kara agogo. Wanda ake kira otomatik shi ma mai inji ne, sai dai an sa masa wani ƙarfe mai nauyi da ke juyawa duk lokacin da hannu ya motsa, yana yin murɗin da kansa. Iri na biyu shi ne agogo mai batir, wanda a cikinsa akwai ɗan ƙanƙanin dutsen da ake kira kwats, wutar batir tana sa shi karkarwa sau 32,768 a kowace daƙiƙa, wata 'yar na'ura kuma tana ƙirga karkarwar tana mai da ita lokaci.

Yanzu sai a matsa kusa da teburin mai gyara, irin wanda ake gani a kasuwannin Minna ko a Sabon Garin Kano. Akwatin gilashi ne a gabansa, da ɗan madubin da yake maƙalawa a ido ɗaya domin ya ƙara wa abu girma, da hantsaki, da ƙananan sukudireba, sai gwangwanin madara cike da matattun agoguna waɗanda yake ciro kayan gyara daga jikinsu. Wani ya kawo masa agogo mai inji, ya ce, “Malam, wannan agogon gudu yake yi, kullum sai ya wuce da minti biyar.” Mai gyaran da bai sani ba zai buɗe murfin baya, ya soma taɓa siririyar wayar da ke jikin balans, wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, kuma da zarar ta lanƙwashe, gyaranta ya zama aiki ja. Mai gyaran da ya sani kuwa tambaya zai fara yi: a ina ake ajiye agogon nan da dare? Idan aka ce a kan rediyo ko kusa da lasifika, to ya gano bakin zaren, domin maganaɗisun da ke cikin lasifika yana sa zagayen wayar ya manne da juna, sai ta gajarce, agogo ya kama gudu. Zai kara agogon a jikin kamfas, irin wanda ake neman alƙibla da shi, idan allurar ta karkata, magana ta tabbata. Akwai wata 'yar na'ura mai sauƙin kuɗi da take cire maganaɗisun cikin daƙiƙu kaɗan ba tare da an kwance ko kusa ɗaya ba. Hannun mutanen biyu ɗaya ne, idonsu ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne an taɓa gaya wa ɗaya, ba a taɓa gaya wa ɗayan ba.

Haka abin yake a maganar ruwa, wadda ta shafi duk mai yin alwala da agogo a hannu. Rubutun da ke bayan agogo mai cewa yana jure ruwa har mita 30 yana ruɗin mutane, domin ma'anarsa a aikace ita ce agogon yana jure fantsamar ruwa da yayyafi kawai, ba a yi shi domin wanka ko iyo ba. Abin da yake tare ruwan wani siririn zoben roba ne da ke ƙarƙashin murfi, kuma zafin bazara yana busar da shi, sannan duk lokacin da aka buɗe agogo domin canza batir yana iya gocewa daga mazauninsa. Ƙurar hunturu ita ma ta wannan kafa take shiga, ta gauraya da mai ta zama kamar yashi tana cin haƙoran inji. Shi kuma man keken ɗinki, wanda wasu suke ɗiga wa agogo da kyakkyawar niyya, ya yi kauri ƙwarai, yana malala inda bai kamata ba, ya tsayar da balans. Babu ɗaya daga cikin waɗannan bayanai da yake buƙatar digiri. Buƙatarsu kawai ita ce wanda ya sani ya buɗe baki.

Jama'a masu sauraro, daga nan sharhin zai leƙa tarihi, domin an taɓa yin lokacin da wannan ilimi ya kusa ɓacewa a mahaifarsa. A watan Disamba na 1969 kamfanin Seiko na ƙasar Japan ya fito da agogon hannu mai batir da kwats na farko a kasuwa. Cikin 'yan shekaru irin wannan agogo ya yi araha, ga shi ya fi mai inji daidaiton lokaci, sai masana'antun Suwizalan suka shiga rufewa ɗaya bayan ɗaya, har kusan kashi biyu cikin uku na ma'aikatan agogo a ƙasar suka rasa aikinsu. A 1975 masu kamfanin Zenith na wancan lokaci suka ba da umarnin a daina ƙera agogo mai inji, a rabu da kayan aikinsa. Wani ma'aikaci mai suna Charles Vermot ya ƙi yarda a zubar da aikin shekaru. Ya riƙa kwasar injinan buga ƙarfe da zane-zane yana ɓoyewa a saman rufin masana'antar, ya yi wa kowane abu lamba, ya kuma rubuta yadda ake haɗa injin daki-daki. Bayan kimanin shekara goma, da kasuwar agogo mai inji ta farfaɗo, sai ya fito da su, kamfanin ya ci gaba da ƙera injin nan da ake kira El Primero, har Rolex ya riƙa saye yana sawa a agogonsa na Daytona tun daga 1988. A lura da kyau a nan: ɓoye ƙarfen kaɗai da bai wadatar ba. Rubutun da ya bari domin wasu su karanta shi ne ya mai da tarin ƙarfe ya zama sana'a.

A Ingila ma an ga irin wannan. George Daniels, wanda ya rasu a 2011, yana cikin mutane ƙalilan da suka iya ƙera agogo tun daga farko har ƙarshe da hannunsu, kuma maimakon ya riƙe sirrin, sai ya zuba shi a littafi a 1981. Wani saurayi mai suna Roger Smith ya bi littafin ya ƙera agogon aljihu, ya kai masa, malamin ya duba ya ce bai yi ba. Saurayin ya koma ya shafe shekaru yana sake wani, har aka karɓa, daga baya ya zama almajirinsa kuma magajin aikinsa. Tun kafin su da ɗaruruwan shekaru, Al-Jazari, injiniyan da ya yi aiki a Diyarbakir ta ƙasar Turkiyya ta yau, ya kammala littafinsa a 1206, inda ya zana agogunan ruwa ya kuma bayyana yadda ake haɗa su, shi ya sa a wannan zamani aka iya sake gina shahararren agogonsa mai siffar giwa, wanda akwai irinsa a Dubai. A ƙarshen 2020 kuma hukumar UNESCO ta sa sana'ar ƙera agogo mai inji ta Suwizalan da Faransa a jerin al'adun da duniya ta gada, kuma abin da aka karrama shi ne gwanintar da ake miƙawa daga hannu zuwa hannu. Agogo yana rayuwa ne muddin akwai wanda ya san cikinsa.

Sai fuska ta gaba, wato kasuwa, inda musayar sani take kare aljihun mai saye. Masu sha'awar tara agoguna a ƙasashe daban-daban sun shafe shekaru suna kwatanta abin da ke hannunsu da juna, wannan ya nuna hoton nasa, wancan ya karanto lambar nasa, har suka tara bayanin da ko kamfanonin ba su taɓa wallafa shi a wuri ɗaya ba. Misali mai sauƙi shi ne Seiko, wanda samfurinsa na Seiko 5 ya fito tun 1963 kuma ya cika kasuwannin Arewa. A lambar da ke murfin baya, adadi na farko shi ne ƙarshen shekarar da aka ƙera agogon, na biyu kuma wata ne, sannan lambar injin tana taimakawa a gane ko wane zamani ne. Idan mai sayarwa ya rantse cewa agogon ya haura shekara hamsin, alhali injin da ke ciki 7S26 ne, wanda bai fito ba sai a 1996, to mai sani ya riga ya gane inda aka dosa tun kafin a fara ciniki. Haka kuma su ne suka faɗakar da juna game da agogon haɗe-haɗe, wato wanda aka ɗauko inji daga nan, gida daga can, aka sake wa fuskarsa fenti, aka buga mata suna, aka sayar da shi a matsayin tsohon gangariya. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar doya ta Garatu ya san cewa sabon ɗan kasuwa ba ya rarrabe doyar da za ta jure ajiya da wadda ta fara ruɓa ta ciki sai ya zauna kusa da waɗanda suka riga shi; cinikin tsohon agogo ma haka yake.

Kada a ɗauka cewa talaka kaɗai ake yi wa irin wannan. A watan Nuwamba na 2021 aka yi gwanjon wani agogon Omega Speedmaster da aka ce na 1957 ne a birnin Jeneba, aka sayar da shi sama da miliyan uku na kuɗin Suwizalan, kuma kamfanin Omega da kansa ne ya saya domin gidansa na adana kayan tarihi. A 2023 sai kamfanin ya fito ya amsa cewa agogon haɗe-haɗe ne. Masu bin diddigi daga waje, waɗanda suka kwatanta tsofaffin hotunan agogon da sababbi, suna cikin waɗanda suka fasa ƙwan. Idan har kamfanin da ya ƙera abu zai iya faɗawa wannan rami, to ina ga mai sayen Rado a bakin tasha? Idanu da yawa da suke magana da juna suna ganin abin da ido ɗaya, komai ƙwarewarsa, yake tsallakewa.

Akwai kuma ɓangaren da ya wuce kuɗi, ya shafi lafiya, kuma a nan ne sharhin yake roƙon a ƙara kasa kunne. Agoguna da yawa da aka ƙera kafin shekarun 1960, masu haskawa a cikin duhu, an shafa wa lambobinsu da hannayensu fenti mai ɗauke da sinadarin radiyam, wanda yake fitar da tururin da ke jawo ciwon daji idan ya shiga jiki. 'Yan matan da suka yi aikin shafa wannan fenti a Amurka a shekarun 1920, suna lasar bakin burushi domin ya yi tsini, da yawansu sun kamu da mummunan ciwo, wasu suka rasa rayukansu. Hasken fentin yana dushewa da tsufa, amma gubar tana nan ɗaruruwan shekaru. Mai gyaran da ya buɗe irin wannan agogo ya hure ƙurar da bakinsa, ko ya kankare fuskar sannan ya ci abinci bai wanke hannu ba, yana cutar da kansa bai sani ba. Sannan ga ɗan batirin nan mai kama da maɓalli, wanda ake jefarwa a ƙasa bayan an canza shi. Idan ƙaramin yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, yana iya ƙona naman wurin cikin 'yan awoyi, don haka asibiti za a nufa nan take, ba a jira gari ya waye. Wannan sani ne da babu wanda yake da hujjar riƙe shi.

To, adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren. Tsohon mai gyara zai ce, “Na yi shekaru ina shara da aike a shagon maigidana kafin ya nuna mini yadda ake zaunar da balans, yanzu kuma a ce in bayar a banza, yaro ya buɗe tebur a gefena ya kwashe mini masu kawo aiki?” Wannan tsoro ne na gaskiya, domin abincin iyali ne a ciki, kuma al'adar riƙe sana'a a cikin zuriya ita ce ta tsare ayyuka irin na masu narka gilashi na Masaga da maƙeran tagulla na Bida tsawon zamani. Amma halin da gyaran agogo yake ciki a yau dabam ne. Abin da yake barazana ga mai gyara shi ne mutane sun daina kawo gyara, saboda sun yanke ƙauna cewa akwai mai iyawa, sai su sayi agogon roba mai araha su jefar idan ya tsaya. Kowane agogo da aka lalata a teburin wanda bai iya ba yana rage wa sana'ar gaba ɗaya mutunci. Idan masu iyawa suka yawaita, amana ta dawo, aikin da ke kwance a adaka ya fito, kuma wanda ya koyar shi ne za a riƙa turo wa aikin da ya gagara.

Akwai wani ƙorafin kuma mai nauyi, cewa ƙarya ma tana yaɗuwa ta hanyar da gaskiya take bi. Haka ne. Har yanzu ana jin masu cewa duwatsun yaƙutun da ke cikin agogo dukiya ce kuma masu gyara suna sace su, alhali yaƙutun masana'anta ne mai arha, an sa shi ne domin ya rage gogayyar ƙarfe da ƙarfe. Ana kuma samun dillalin da zai zuzuta wani samfuri a gaban jama'a don kawai yana da shi a jaka. Maganin wannan shi ne a nemi hujja: wanda ya faɗi magana ya nuna lamba, ya buɗe murfi a gani, ya yarda a kai wa wani masanin ya duba. Gani ya kori ji. Sanin da ake bajewa a fili yana samun mai gyara masa kuskure, wanda ake raɗawa a kunne kuwa kuskurensa da shi ake gadonsa.

Jihar Neja tana da nata misali na abin da musaya take haifarwa. Ladi Kwali ta koyi ginin tukwane irin na Gwari tun tana ƙarama a wurin 'yan uwanta, sannan a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Michael Cardew ya kafa a garin da a yau ake kira Suleja. Ta koyi aiki da keken juya yumɓu da gashi mai tsananin zafi, su kuma suka koyi zanenta da salon hannunta, aikin da ya fito daga haɗuwar ya zaga duniya, hotonta yana jikin takardar naira 20. Irin wannan haɗuwa tana yiwuwa a maganar agogo, kuma ba sai an je nesa ba. A Gidan Kwano, kan wannan hanya ta Bida, akwai Jami'ar Fasaha ta Tarayya, cike da ɗaliban injiniya waɗanda suke iya karanta littattafan gyara da aka rubuta da Turanci, suna kuma iya nemo zanen kowane inji a wayarsu, amma yawancinsu ba su taɓa riƙe hantsaki a kan balans ba. A cikin kasuwa kuma akwai dattawan da yatsunsu suka haddace aikin, amma littattafan sun yi musu nisa saboda harshe. Kusan duk bayanan da wannan sharhi ya kawo, a harsunan waje suke a rubuce. Ɗalibi ɗaya da zai zauna da dattijo ɗaya, ya ɗauki muryarsa yana bayani da Hausa ko Gwari ko Nufanci, shi kuma ya fassara masa abin da ke cikin littafi, ya yi aikin da zai amfani masu gyara daga Minna har Maraɗi.

Jama'a masu sauraro, wanda yake da tsohon agogo a ajiye ya fito da shi a wannan mako, ya kwafe lambobin da ke bayansa a takarda, ya tambayi manyan gida wa ya saye shi, a ina, a wace shekara, tun masu amsar suna raye. Idan mai batir ne kuma ya daɗe da tsayawa, a kai a cire batirin kafin ya zubar da ruwa ya cinye injin, a kuma nisantar da shi daga hannun yara. Idan za a kai gyara, a tsaya a ga aikin, a yi tambaya cikin ladabi. Ku kuma iyayenmu masu gyara, Allah ya ƙara wa idanunku haske, idan yaro ya tsaya a gefen teburinku yana leƙe, ku matsa masa ya zauna.